Kafin ka ɗora bulo ko ka haƙa ramin kifi, tambayi tarihin filin



Darasinmu na yau a kan ƙasa yake, wato ƙasar da za ka gina ɗakin kajinka a kanta ko ka haƙa ramin kifinka a cikinta. Abin da ya jawo shi kuwa, kwanakin baya wani matashi da yake bibiyar darussanmu ya kira ni bakinsa har kunne. Ya ce, "Malam, na samu fili haya, rabin kuɗin da ake bayarwa a unguwar, ga katanga ga rijiya." Na ce masa madalla, to me ake yi a wurin kafin yanzu? Ya yi jim, ya ce wallahi bai tambaya ba.

Muka sa rana muka je. Fili dai ba laifi, amma a wata kusurwa ƙasar ta yi baƙi, ciyawa ba ta fito ba duk da ana tsakiyar damina, ga ɓaraguzan baƙar roba birjik. Akwai wani dattijo a ƙofar gidan da yake kallon filin. Muka gaisa, na ce, "Baba, don Allah wace sana'a aka taɓa yi a nan?" Ya ce, "Ai ɗana, 'yan gwangwan ne suka daɗe a wurin. Nan suke fasa batiran mota, su tsiyaye ruwan a ƙasa, can kusurwar kuma suke narka dalmar." Na dubi matashin nan. Ya ce, "To Malam, ai sun tashi tuntuni. Sai in share in watsa sabon yashi."

Wannan amsa tasa ita ce ta sa na zauna na rubuta wannan darasi, domin na san da yawanmu haka za mu ce.

Akwai wasu sinadarai da masana suke kira ƙarafa masu nauyi. Waɗanda suka fi shafarmu su ne dalma, da zaiba wadda masu haƙar zinare suke kama zinare da ita, da kadmiyam, da kuromiyam na masana'antun jima. Sai kuma asenik, wanda shi ba cikakken ƙarfe ba ne, amma a layi ɗaya ake lissafa shi da su saboda ɓarnarsa iri ɗaya ce. Bambancinsu da sauran ƙazantar da muka saba da ita shi ne ba sa ruɓewa. Kashin kaji yana ruɓewa, ƙwayar cuta rana tana kashe ta, maganin feshi da yawa ƙarfinsa yana raguwa da daɗewa. Dalma kuwa yadda ka zubar da ita haka jikanka zai same ta. A Amurka an daɗe ana fesa wa gonakin tufa wani maganin kwari da aka haɗa da dalma da asenik, tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1940 da aka koma wasu magungunan. Har yau idan aka auna ƙasar waɗannan tsofaffin gonaki ana samun su a ciki, bishiyoyin sun tafi, masu feshin sun mutu. Kuma ba ka gane su da ido ko hanci ko harshe. Dafuwa ba ta kashe su. Idan ka tafasa ruwa mai asenik ma ƙara masa ƙarfi ka yi, domin ruwan ne yake tafiya a tururi, gubar ta zauna.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF da suke aiki a Zamfara suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro zai fara amai, ciki ya murɗa, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba sauƙi. Da aka auna jinin yaran sai aka ga dalma ce. Farashin zinare ya tashi a lokacin, mutane suna ɗauko duwatsu daga daji suna kawowa cikin gari, a niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a ɗaki, a bakin rijiya, inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu wuraren an auna ƙasa an samu dalma ta haura miligiram 100,000 a kilo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce, alhali ma'aunin da Amurka take amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara miligiram 400 ne. A ƙauyuka biyun da aka fara bi gida-gida, yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Gaba ɗaya an rasa yara sama da 400. Allah ya jiƙansu. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Da masu bincike suka zauna da mutanen ƙauyukan Zamfara, sai aka ba su labarin cewa tun kafin yara su fara mutuwa, agwagi ne suka fara ƙarewa. An ga suna raguwa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Wa zai ɗauka? Mutuwar tsuntsaye a ƙauye ai ba labari ba ne, sai a ce annoba ce ta shigo. Ashe agwagin nan da suke cusa baki cikin taɓo da kwatami su ne suka fara kwasar gubar. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin da an samu mai kiwo ɗaya da ya tsaya ya tambayi abin da yake kashe agwaginsa, wataƙila da labarin ya sauya.

Ku lura da yadda kaza take rayuwa. Tono ne aikinta daga safe har yamma. Tana haɗiye tsakuwa da gangan domin ƙundunta ya samu abin niƙa, tana cin tana da kwari da suka rayu cikin ƙasar, tana birgima a cikin ƙura. Idan ta haɗiyi ɗan guntun dalma ko ɓawon tsohon fenti, ƙundu zai riƙe shi yana niƙawa a hankali, yana sakar mata guba kullum. Jiki kuma yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi, wata a hanta da ƙoda, wata ta bi ta shiga gwaiduwar ƙwai. Kazar da ba ta samun isasshen kalsiyam a abincinta ta fi saurin zuƙar ta.

Idan gubar ta yi yawa za ka iya ganin koren zawo, rama, fukafukai sun zube, tafiya tana gagara, ƙwai ya ragu. To wace cuta ce ba ta kawo waɗannan? Shi ya sa mai kaji zai yi ta ɗura musu magani yana zargin Niyukasul, kuɗi suna tafiya. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kaza tana da juriya. Sau da yawa za ta ɗauki dalma mai yawa a jininta tana yawonta lafiya ƙalau, tana zuba maka ƙwai. Wani bincike da aka wallafa a 2022 a kan kajin bayan gida a birnin Sidni na Ostareliya ya gano cewa ƙwansu, a matsakaici, yana ɗauke da dalma fiye da ninki 40 na ƙwan manyan gonaki, kuma tushen abin ƙasar da suke tono a ciki ce. Masu binciken suka ce idan ana son ƙwai mai aminci, kada dalmar ƙasar ta kai miligiram 117 a kilo. Kun ga ƙasar da za a ce ba laifi mutum ya zauna a kanta tana iya zama matsala ga kazar da take cin ta. Sannan ku tambayi kanku, wa ake dafa wa ƙwan gida? Yara da masu ciki. Su ne kuma dalma ta fi yi wa illa. A jikin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ƙaramin adadi ba ya kwantar da yaro, sai dai ya rage masa kaifin fahimta, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi.

Shi asenik ta hanya biyu ya fi zuwa mana, kuma ta farkon mu masu kaji muna da hannu a ciki. Tun shekarun 1940 ake zuba wasu magunguna masu asenik a abincin kaji domin maganin koksidiyosis, wato cutar kashin jini, da kuma saurin girma da kyan launin nama. Wanda ya fi suna shi ne Roxarsone, ana kuma sayar da shi da sunan 3-Nitro. Mafi yawansa yana fita ta kashi, idan ya isa ƙasa kuma ƙwayoyin halitta su juya shi ya koma nau'in asenik mai tsananin guba. Tarayyar Turai ta haramta su tun 1999. A Amurka kamfanin ya dakatar da sayar da shi a 2011 bayan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta samu asenik a hantar kajin da aka ba shi, zuwa ƙarshen 2015 an janye na ƙarshe a cikin danginsa. Sin ta hana a 2019. Don haka duk firimis ko maganin ƙara girma da za ka saya, juya bayan leda ka karanta. In ka ga Roxarsone, ko Arsanilic acid, ko Nitarsone, ajiye shi. Wanda kuma aka ƙulla maka a farar leda ba suna ba lambar NAFDAC, an ce "sa musu wannan za ka ga aiki," ni dai ba na taɓa shi, ko kyauta ne. Ka tuna kashin kajinka ba ya tsayawa a gonarka. Mai lambu zai saya ya zuba wa latas da alayyafo, wani zai zuba a ramin kifi, kowace shekara ana ƙarawa a kan na bara.

Hanya ta biyu ruwa ne. A Bangaladash, daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse domin a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo amai da gudawa. Ruwa ya fito garau, kowa ya yi murna. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa da yawansu suna da asenik, wanda yake fitowa daga ƙasar kanta, ba wanda ya zuba. Miliyoyin mutane sun sha shekara da shekaru. Alamunsa ba sa fitowa da wuri: ɗige-ɗigen baƙi a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya kansar fata, ta huhu ko ta mafitsara. Da wannan ruwa suke ban-ruwan shinkafa, ita kuma shinkafa ta fi yawancin hatsi zuƙar asenik saboda a cikin ruwa take tsayuwa, kuma ya fi taruwa a dusarta. Ma'aunin hukumar lafiya ta duniya ga ruwan sha shi ne kada ya wuce maikirogiram 10 a lita. Ban kawo wannan don in ce rijiyoyinmu haka suke ba. Na kawo shi ne don masu ce mini "ruwana fari tas ne, Malam, ba sai an gwada ba."

Masu kifi, ku matso. Ramin ƙasa ya fi araha, kifi kuma yana jin daɗinsa, amma duk abin da yake cikin ƙasar da ruwan, a taɓon ƙasan rami yake taruwa, tarwaɗa kuwa a nan take kwana take kiwo. Yawancin ƙarafan nan a hanta da ƙoda da matsatsin kifi suke taruwa, shi ya sa cire kayan ciki yake rage wani abu. Zaiba ce ta fita daban. Idan ta kwanta a taɓo, ƙwayoyin halitta suna juya ta ta koma wani nau'i da yake shiga cikin tsokar kifin kanta, kuma gwargwadon girman kifi da daɗewarsa, gwargwadon abin da ya tara. Wanki ba ya fitar da ita, banda ba ta fitar da ita. Abin da ya faru ke nan a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956: wata masana'anta tana zubar da zaiba a teku, masunta suna cin kifi, aka samu mace-mace da shanyewar jiki da jarirai masu naƙasa. Can ma kuliyoyin garin ne suka fara haukacewa kafin mutane. Saboda haka duk wanda yake ƙasa da inda ake wanke zinare, a Zamfara ne, a Neja, a Kebbi, ko 'yan uwanmu na Gana da suke fama da masu galamsi, kada ya ja ruwan rafin nan ya cika ramin kifi. Haka mutanen Kano da suke kusa da kogin Challawa, ko Jakara da Getsi, inda ruwan masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai da na lambatun gari yake gangarawa. Malaman jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen da ake nomawa a wuraren suna samun kuromiyam da dalma da kadmiyam. Ruwan ba ya yankewa da rani, na sani, shi ne ma abin da yake jan mutane. Amma ba na kifi ba ne.

To me mutum zai yi? Abu na farko ba ya cin ko sisi. Nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a unguwar ka tambaye shi. An taɓa yin bola a nan? Garejin kanikawa? Wurin fasa batir, ƙona waya da taya, rini, jima, niƙa dutse? Ina ruwan sama yake fitowa kafin ya ratsa filin? Mai fili da dillali ba lallai su faɗa maka ba, maƙwabci zai faɗa. Filin da yake manne da tsohon babban titi ma a yi hattara da shi, domin an shafe shekaru ana ƙona fetur mai dalma, sai a 2021 aka daina sayar da shi a duniya baki ɗaya, kuma abin da hayaƙin ya sauke yana nan a gefen hanya.

Idan tarihin ya ba ka shakka, gwada. Ɗebi ƙasa daga wurare biyar zuwa goma a inda za ka yi ginin. Ga kaji, ta sama-sama ce mai muhimmanci, zurfin ɗan yatsa. Ga shuka, ka kai kamar tsawon taƙi. Ga ramin kifi, ka haɗa da ta zurfin da za ka haƙa. Yi amfani da cokalin roba, ka zuba a sabuwar leda, ka rubuta inda ka ɗebo. Wurin da ka fi zargi, irin baƙar kusurwar nan, ɗebe shi daban, kada ka gauraya shi da sauran ya ɓace a ciki. Ruwa kuma a gora mai tsabta, bayan ka bar famfon ya zuba na ɗan lokaci. Kai sashen kimiyyar ƙasa ko na kemistiri a jami'a mafi kusa da kai. Ka buɗe baki ka ce dalma da kadmiyam da kuromiyam da asenik kake so a duba, domin gwajin da aka saba yi wa manoma na ƙarfin taki ne kawai, ba ya nuna waɗannan. Ba kowane ɗakin gwaji yake iya auna asenik da zaiba ba, ka tambaya kafin ka biya.

Wanda ya riga ya gina fa, ko gidansu ne ba shi da wani wurin? A raba tsuntsu da ƙasa. Yi daɓen siminti, ka zuba shimfiɗa mai kauri, ka rataye mazubin abinci da na ruwa, ka daina watsa musu hatsi a ƙasa. Ba su tsakuwa mai tsabta da isasshen garin ƙashi ko farar ƙasa ta abincin kaji. Kifi kuma a koma tamfol ko tankin siminti da ruwan da aka gwada. Watsa yashi a sama irin na abokinmu ba ya isa, kaza za ta tone shi cikin mako. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka kwashe aka binne a rami na musamman, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa, sannan aka ba yara maganin fitar da dalma, domin ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin gubar. Aikin Bagega kaɗai sai a 2013 aka samu yin sa.

Akwai kuma abubuwan da muke shigo da su da hannunmu. Takin bola da ake kawowa a tifa, a ciki akwai matattun batiran tocila da tokar roba da waya. Baƙin mai da wasu suke shafa wa katakon keji saboda gara. Tsohon gwangwanin fenti ko kwankon batir da aka mayar mazubin ruwa, na gani da idona. Dusar katako ma a duba, idan katakon mai ɗan kore-kore ne irin wanda aka jiƙa da maganin gara, akwai irinsa da ake haɗawa da asenik da kuromiyam, kada a shimfiɗa wa kaji, kada kuma a yi bandar kifi da shi, tokarsa ma guba ce. Masu lambu a gefen gona, zuba farar ƙasa da ruɓaɓɓen taki yana rage yadda shuka take zuƙar dalma da kadmiyam, amma bai cire su daga ƙasar ba, kuma wannan dabara ba ta aiki a kan asenik.

Abokinmu dai ya haƙura da filin. Mai filin ya ƙi mayar masa da kuɗin kafin alƙalamin da ya bayar, ya yi kwana biyu yana jin haushina. Yanzu ya samu wani a bayan gari, tsohuwar gonar gero ce, ya fi tsada kuma sai ya ja ruwa. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ranar da muka je, katangar filin nan ta zube ta gefe ɗaya, kajin maƙwabta sun fi goma suna tono a daidai baƙar kusurwar. Na koma na samu dattijon na ce, "Baba, kajin nan na waye?" Ya ce na iyalinsa ne, ƙwan ma jikokinsa ake soya wa. Na yi masa bayani gwargwadon iko, na roƙe shi a toshe katangar, a dakatar da ba yaran ƙwan, a kai su babban asibiti a ce gwajin dalma a jini ake so. Ya ce zai yi magana da 'ya'yansa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sake leƙawa in ji yadda suka yi.